Don Allah mi za mu kira "defi" da Hausa? Gobe za a buga takarda

Maman Nana: Salamu alaikum ƴan uwa ku taimaka min da gaugawa. Mu matan unguwar Ali Dan Sofo muna shirya wani abu a Facebook da WhatsApp saboda 3 ga Agusta ranar shuka icce, kowa ya shuka guda, bedi ko mangwaro ko zogala, ya ɗau hoto ya saka sannan ya ambaci mutum ukku su ma su yi kahin kwana biyu. Yara na cewa defi wasu calanji, to sanarwar da Hausa za a karanta ta a rediyo, kuma mai buga takarda gobe ƙarhe goma yake son rubutun.

Ɗan Mokoyo: Gasa kawai Hajiya

Maman Nana: Ƙanena gasa sai da na ɗaya da na biyu, mu ba mu da ko jikka guda ta kyauta. In na ce gasa wallahi mata za su zo ƙohwar gidana karɓar atamfa.

Malama Hadiza: Gaskiyarta. Hikayata ta BBC ita ce gasa, tun 2016 ake yi, akwai alƙalai akwai kuɗi. Wanga irin na zuba ruwan ƙanƙara a ka ne da aka yi a Amurka a 2014, ka yi ka kira wani, ba wanda ya ci ba wanda ya faɗi amma sun tara wajen dala miliyan 115 na binciken wata cutar jijiya. Ƙalubale ne sunanshi, kalmar na nan tun kahin a haihe mu.

Ɗan Mokoyo: Malama ƴan jarida sun kashe ƙalubale, kullum ƙalubalen tsaro ƙalubalen tsadar rayuwa, yanzu tsohuwa ta ji ƙalubalen shuka icce sai ta ɗauka gara ce ta cinye dashen

Mushe Bagalam: Ku dakata. Duk ba ku duba yadda abin ke tahiya ba. Ana yi ana MIƘA wa wani, saboda haka sunanshi miƙau, kamar yadda muke da yankau da ɗaurau. Miƙau na shuka icce. Gajere ne, Hausa ne tsantsa, na daɗe ina gaya ma ɗalibaina.

Ɗiyar Tibiri: Mushe miƙau kamar sunan maganin ciwon baya

Mushe Bagalam: Yarinya dariyar da kuke yi ita ta sa har yau muke cewa lakwal da tabur. Tun watan Maris na 2025 aka rubuta a kundin ƙasar Nijar Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, amma duk wanda ya ƙirƙiro kalma sai ku maida shi mahaukaci. In wani farfesa daga Kano ya ce miƙau gobe duk za ku ɗauka da hannu biyu.

Na Jibiya: To mi ya kawo Kano ciki kuma Mushe. Mu dai nan ko a kasuwa calanji ake cewa kuma kowa ya gane

Mushe Bagalam: Ku kun sha Ingilishi kun ƙoshi, mu nan Katsinar Maradi Hausarmu ba ta gauraya ba.

Na Jibiya: In ji mai suna Mushe

Baba Direba: Kai ku bar wanga gardama. Ni abin da na sani a hilin kokowa in ɗan kokowa ya hito yana kirari ya nuna wani da hannu, cewa yake in ka isa ka hito. Mu da muka ga zamanin Kantu, wanda ya ɗauko takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ba mu taɓa jin an nemi wata kalma ba. Ki rubuta IN KA ISA ɗiyata, ko yaro ya ji sai jininshi ya motsa.

Malama Hadiza: Baba da daɗin ji amma ba suna ba ne, ba a cewa na shiga in ka isa. Kuma mata fa? sai an sake rubuta in kin isa, ga shi tsakanin mata wannan magana da ita ake fara faɗa a bakin pampo.

Ɗan Mokoyo: Wani abu kuma, in za ku sa alamar # kar ku sa ƙalubale, rabin mutane wayarsu ba ƙ mai lanƙwasa, wasu su rubuta da k wasu da ƙ hotunan su rabu gida biyu ba ku iya ƙirga ko icce nawa aka shuka

Mushe Bagalam: Ba laihin harshe ba ne wannan, laihin waya ne.

Ɗiyar Tibiri: Miƙau ma da ƙ take Mushe

Maman Nana: To na gode Allah shi saka, dare ya yi. A takarda da rediyo zan sa Ƙalubalen Shuka Icce tunda shi aka sani, sai mai karantawa ya ƙara bayani layi guda, alamar kuma #InKunIsa ta haɗa maza da mata ba lanƙwasa. Mushe ka yi haƙuri, sunanka na cikin ukkun da zan fara kira.

Mushe Bagalam: Zan shuka, mangwaro ma. Amma a ƙasan hotona miƙau zan rubuta.