Wace kalma za mu sa wa "glacier"?

'Yan uwa masu nazarin harshe, ku zo mu yi shawara. Na kira Hajiyarmu bayan na sauko daga dutse a Franz Josef, a yammacin tsibirin kudu na New Zealand, ta ce: "Me ka je gani har ka sha dukan ruwa haka?" Na buɗe baki na rasa kalmar, abin ya tsaya mini a rai.

Tafiyar kusan awa biyar ce zuwa da dawowa, ta hanyar Roberts Point. Kurmi ne mai duhu, gansakuka ta lulluɓe kowane kututture, duwatsu sai santsi, ga gadoji masu lilo, ruwa kuma bai ɗauke ba. Da hazo ya ɗan yaye sai ga "glacier" ɗin nan, ƙaton tarin ƙanƙara, kwance tsakanin duwatsu biyu, fari da dattin tsakuwa a gefe, cikin tsagoginsa shuɗi kamar an zuba bula. Ruwan kogin Waiho da ke fita daga ƙarƙashinsa launin toka ne, saboda garin dutsen da ƙanƙarar ke niƙawa.

Na ga ana rubuta "dutsen ƙanƙara". Ban yarda ba. Dutse a kafe yake, wannan kuwa tafiya yake yi. Kuma da sunan nan muke kiran guntun da ke yawo a teku.

Wani ya ba ni "daskararren kogi". Ya kusa, amma mai ji zai ɗauka ruwa ne ke gudu sanyi ya kama shi. A'a. Dusar ƙanƙara ce ke taruwa a saman dutse shekara da shekaru, ta sama ta danne ta ƙasa har ta dunƙule, sannan nauyinta ya riƙa gangaro da ita kwari sannu a hankali.

Shi ya sa na tsaya a kan "gulbin ƙanƙara". Gulbi yana da mafari, yana da kwari, yana cika yana janyewa. Sai mu ce gulbin ya ja da baya, kamar yadda na kan Kilimanjaro ke ƙanƙancewa. Jam'i ma bai ba da wuya: gulaben ƙanƙara.

Mutanen Maori, 'yan asalin New Zealand, suna kiran wannan Kā Roimata o Hine Hukatere, wato hawayen Hine Hukatere, wata mace a tatsuniyarsu, tun kafin Bature mai binciken ƙasa Julius von Haast ya laƙaba masa sunan sarkin Ostiriya, Franz Josef, a 1865. Su ma gangarowar suka gani.

Malaman Sakkwato da Damagaram, gulbi ko kogi, wanne ya fi zauna muku a kunne?