Wa zan ba amanar kalmomin sirrina?

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina da shagon hotokofi a Marwa, kalmomin sirrin imel, Facebook da na banki duk suna cikin fayil ɗaya mai kulle irin na KeePass, kwafi ɗaya a waya ɗaya a kwamfutar shago. To matsalar in na canza kalma a waya sai in je shago in tarar da tsohuwar, yanzu fayilolin biyu sun saɓa ban ma san wanne ne sabo ba. Na gwada kwashewa da kile USB kullum, ranar da aka ɗauke wuta ana cikin kwafi fayil ɗin ya ƙi buɗuwa sam.

An ce in koma Bitwarden, wani tsarin ajiye kalmomin sirri a intanet, tunda shi da kansa yake daidaita komai in akwai rezo, kuma kowa na iya duba lambobin da aka rubuta shi da su. Amma abin da ya sami LastPass, wani kamfani mai irin wannan aiki, a 2022 ya tsaya min a rai, ɓarayi sun kwashe rumbunan kalmomin sirrin mutane duk da dai a kulle suke.

Tambayata: in aka sace rumbuna daga sabar kamfani haka, doguwar kalmar sirri ta uwa (wadda ake buɗe duk rumbun da ita) ita kaɗai ta isa ta hana a buɗe shi? Na gode.