Soket na bolt 12 ya mutu a tirelar kwana, fis kuma lafiya lau

Mai Tirela: Salamu alaikum 'yan'uwa. A tirelata ta kwana, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, soket ɗin bolt 12 na kusa da gado ya daina ba da wuta, amma fitilu da famfon ruwa suna aiki. Na zare fis ɗin na duba, bai tsinke ba. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya taimaka.

Tsohon Makaniki: Wa alaikumus salam. Ɗana, ido ba ya gwada fis. Na sha ganin wanda ya tsage siriri kamar gashi, a ido garau. A bayan fis irin na mota mai ƙafa biyu akwai ɗigon ƙarfe biyu, ka taɓa su da testa, 'yar fitilar gwajin wuta, yana nan a zaune. Wuta a gefe ɗaya kawai, ya ƙone. Wajen canji kuma ka bi launi: ja amp 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Kada ka sa wanda ya fi na asali, domin waya yake karewa, in ya ƙi ƙonewa ita za ta ƙone.

Uwar Tafiya: Ni nawa ya fi wannan ban haushi. Mitar gwajin wuta tana nuna bolt 12.6 a bakin soket, da na jona ƙaramin firij sai wutar ta faɗi warwas. Ashe wayar negatif ce, inda aka ɗaure ta a ƙarfen ƙasan tirela tsatsa ta cinye wurin. Mita ba ta jan wutar kirki, shi ya sa ko ta silin waya ɗaya ce za ta nuna maka lamba mai kyau. Sai an ɗora kaya gaskiya take fitowa. Muka kwance kusar, muka kankare har ƙarfe ya yi fari, muka ɗaure tamau muka shafa giris. Malam, ka gwada da ƙwan fitilar mota, kada ka tsaya ga mita kaɗai.

Ɗan Zango: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ka kuma haska cikin soket ɗin. Tsakiya fositif ne, bangon negatif, ni kwabo na tarar yaro ya cusa, duk fis ɗin da na sa nan take yake tashi.

Mai Sola: Tambaya tukuna, me ka jona masa kafin ya mutu? Tawa na saye ta hannu, soket ɗin ya narke ta baya saboda mai ita na da yana jona inbata. Yawancin irin wannan soket amp 10 ne iyakarsa, wat 120 ke nan, inbata mai wat 300 kuwa tana iya jan fiye da amp 25. Sannan wasu soket ɗin da aka ƙara daga baya ba sa bi ta akwatin fis sam, nasu yana ɓoye a jikin waya kusa da batir ko bayan kabad. Na wahala kafin na gano nawa.

Tsohon Makaniki: Tunda an zo kan batir, a kula da launi. A tirelolin Amurka da yawa farar waya ce negatif, baƙa kuma fositif, saɓanin abin da aka saba a mota. Wanda ya juya su, manyan fis na jikin kwanbata, na'urar da ke mayar da wutar gida bolt 12 tana cajin batir, su ne za su tashi, batir ya daina caji.

Mai Tirela: Allah Ya saka da alheri. Baba, testa ta kama a gefe biyun. Hajiya, ƙwan ya kawo dishi-dishi, na bi wayar sai na iske mahaɗinta na bayan soket ya saki, har ya yi baƙi. Na yanke na sa sabo, yanzu soket ɗin yana aiki. Malam Mai Sola, fanka kawai nake jonawa. Wane kaurin waya ya kamata a sa in za a ja wa inbata layi daga batir?