Me ya sa jar ƙasar Roland Garros take gagarar manyan 'yan tanis?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske game da gasar tanis ta Roland Garros, wadda ake yi a birnin Paris daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni. Pete Sampras ya ci manyan kofuna 14 a rayuwarsa, amma bai taɓa ɗaukar na Faransa ba, alhali Rafael Nadal ya ɗauke shi sau 14 shi kaɗai. Mene ne a cikin wannan fili da yake ɗaga wani, ya kayar da wani?

Tsohon Koci:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tana cikin ƙasar kanta. Abin da kake gani ja a talabijin garin jan bulo ne da aka niƙa, aka barbaɗa shi sama-sama a kan farin dutse da tsakuwa da aka daɓe. Idan ƙwallo ta faɗi a kansa, garin yana rage mata gudu, sannan ta yi tsalle sama fiye da yadda take yi a kan ciyawar gasar Wimbledon ta Ingila. Saboda haka ɗan wasan da ya dogara da bugun farko mai ƙarfi da rugawa zuwa raga, irin Sampras, sai ya tarar ƙwallon da ya saba cin maki da ita tana dawo masa, kuma dole ya yi musayar bugu mai tsawo kafin ya samu maki ɗaya. Mafi nisan da ya kai a Paris shi ne wasan kusa da na ƙarshe a 1996. Shi kuwa Nadal bahago ne mai murɗa ƙwallo sosai, har ta tashi ta kai kafaɗar abokin karawarsa, kuma ya tashi a Sifaniya inda yara suke koyon zamewa a kan wannan ƙasa tun suna ƙanana. Daga 2005 zuwa 2022 ya tara kofunansa, kuma sau 4 kacal aka doke shi a gasar. Ko Roger Federer sau ɗaya ya ci, a 2009, shekarar da aka fitar da Nadal tun a zagaye na huɗu.

Hajiya Mai Nazari:
Malam Koci ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai kada a manta cewa gasar ta maza da mata ce. Chris Evert ta Amurka ta ci sau 7, Steffi Graf sau 6, ita kuma Iga Swiatek ta Poland ta ci sau 4 tsakanin 2020 da 2024. Tun 2007 kuɗin kyautar maza da mata daidai yake, ko da yake wasan maza yana iya kaiwa zango biyar, na mata kuma uku. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda masu shirya gasar suke ba maza kusan dukkan wasannin dare, lokacin da 'yan kallo suka fi yawa.

Ɗan Garwa:
Hajiya, kin yi gaskiya a kan wasannin dare. Zan ƙara da cewa Bafaranshe na ƙarshe da ya ci kofin maza shi ne Yannick Noah a 1983, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, kuma a Yaounde shahararren ɗan tanis na Amurka Arthur Ashe ya gano hazaƙarsa yana yaro. Noah ɗan wasa ne mai yawan kai hari zuwa raga, don haka salon Sampras ba lallai ne ya faɗi a Paris ba; yana buƙatar juriya ne kawai fiye da ko'ina. Wanda yake shakka ya duba wasan ƙarshe na 2025, inda Carlos Alcaraz ya doke Jannik Sinner bayan awa 5 da minti 29.