Wai me za mu kira wannan satar ta kantunan Amurka da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, ina neman taimakon masu Hausa a baki. Akwai laifin da dokokin Amurka ke kira "organized retail theft", duk inda na ga an fassara shi sai in ga an rubuta satar kanti kawai an wuce, ni kuma wlh abin bai kwanta min ba, don ya rage wa laifin nauyi sosai.

Ba fa mutum ɗaya ba ne da ya soke man goge baki a aljihu ya fice. Aiki ne aka raba, akwai masu shiga su kwashe kaya daga kan kanta, yawanci ƙananan abubuwa masu tsada da saurin shiga kasuwa irin su reza da turare da madarar jarirai, akwai mai mota yana jira a waje, akwai wanda ke karɓa ya ɓamɓare takardar kantin ya jibge a sito, daga nan sai intanet a sayar kamar kayan halal. Wani lokacin ma kantin ake mayar wa kayansa a ce an fasa saye a karɓi kuɗi.

Kuma doka ta raba su. A jihar Kalifoniya tun ƙuri'ar Proposition 47 ta 2014, wanda ya ɗauki kayan da ba su wuce dala 950 ba ƙaramin laifi ne, iyakarsa wata shida a gidan yari. Amma a 2018 suka yi sashe na daban, 490.4 a kundin hukunta laifukansu, na wanda ya haɗa kai da wani suka saci kaya da niyyar sayarwa ko musanyawa ko mayarwa, har da mai ɗaukar yaran aiki da mai zuba kuɗi. In an yi sau biyu ko fiye cikin wata 12 kuma jimillar ta haura dala 950, ana iya kai mutum shekara uku. To kalma ɗaya ta ɗauki wata shida da shekara uku? Ni dai "fashin kanti" nake tunani, ko "wasoson kanti". Me kuka gani?

*

Wa alaikumus salam ƙanena. Fashi kam cire shi, fashi sai da ƙarfi ko makami ko tsoratarwa, shi ma laifi ne mai zaman kansa a dokarsu, kuma da yawan waɗannan mutanen shiru suke shiga su fita ba su taɓa kowa ba. Wasoso ya fi kusa, ya dace da abin da aka yi a kantin Nordstrom na garin Walnut Creek a Kalifoniya a Nuwamban 2021, inda mutum wajen 80 suka afka lokaci guda suka kwasa suka watse a motoci. Sai dai wasoso a kunnen Bahaushe abu ne da ya faɗo kowa ya yi ta kansa, babu shiri babu shugaba, alhali shirin shi ne abin da dokar ke farauta. Ni "satar haɗin baki a kantuna" zan ce.

*

Malam Allah ya ƙara sani, maganar wasoso ta shige ni. Amma ba ta yi tsawo ba kuwa? Kan labari ba zai ɗauka ba, "satar taron dangi" fa?

*

Taron dangi ai duka ake yi da shi, mutum da yawa a kan ɗaya, zai sake mayar da mu hoton masu afkawa. Haɗin baki kuwa ko mutum biyu ne ya wadatar, daidai da yadda sashen da ka kawo ya ce, kuma ya haɗo har wanda bai taka ƙafa a kantin ba. Shi wannan ma ba sai mun ƙirƙiro masa suna ba, ɓarawon zaune ne, kuma yanzu a kansa ake matsawa. Dokar tarayya ta INFORM da ta fara aiki a Yunin 2023 ta tilasta wa kasuwannin intanet irin su Amazon da eBay su tantance duk mai sayarwar da ya yi ciniki 200 ko fiye da jimillarsu ta kai aƙalla dala 5,000 cikin wata 12, su karɓi bayanan bankinsa da na harajinsa, don a toshe inda kayan ke fita. Batun tsawo, a kan labari rubuta "satar haɗin baki", kantunan sa fito a cikin labarin.

*

To na karɓa Malam, satar haɗin baki a kantuna. Satar kanti mu bar ta wa na mutum ɗaya, za ta yi mana amfani in ana maganar Ingila, inda dokar 2014 ta sa satar da ba ta wuce fam 200 ba a sahun ƙaramar kotu. Abu ɗaya zan roƙi masu fassara, kar a riƙa liƙa sabuwar kalmar ga duk wanda aka kama da kaya, musamman yanzu da ƙuri'ar Proposition 36 ta Nuwamban 2024 a Kalifoniya ta ba da damar ɗaure mai satar ƙaramin abu har shekara uku in an taɓa samunsa da laifin sata sau biyu, shi wannan maimaici ne ya ja masa, ba haɗin baki ba.

Saura masu shiga su kwaso ɗin, ni 'yan kwasa nake ce musu, wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo.