Neman shawara: ɗakin wata huɗu kusa da sabuwar BUK

Malama daga Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Ina digiri na biyu a Jami'ar Bayero (BUK) da ke Kano, darussanmu kuma a sabuwar jami'a ake yi, ta titin Gwarzo. Zango ɗaya ya rage mini na zaman aji, wata huɗu ke nan, sai in koma gida in ƙarasa rubutun bincike. Ina goyo, ƙanwata za ta biyo ni raino, shi ya sa ɗakin kwanan ɗalibai ba zai yiwu ba. Mun zaga Danbare da Rijiyar Zaki da dillali, ko'ina magana ɗaya ce: kuɗin shekara cif, ga la'ada kashi goma cikin ɗari, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna. Wani ɗaki mai banɗaki a ciki ya kwanta mini sosai, amma ina cewa wata huɗu, mai gidan ya miƙe ya saka takalminsa. Albashin koyarwa ba zai ɗauki biyan wata 12 don zaman wata 4 ba. Yaya zan yi?

Ɗan Kabuga:
Wa alaikumus salam Malama. Dillali ba zai kai ki inda kike nema ba, tunda daga kuɗin shekara la'adarsa take fita. Ragowar haya za ki nema. Tun yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 da ya ci wata takwas, lokacin karatu da lokacin haya suka daina tafiya tare, sai ka ga ɗalibi ya gama jarrabawar ƙarshe alhali yana da sauran wata uku ko biyar a ɗakinsa. Irin wannan zai so ya karɓi ko rabin kuɗinsa ne ya tafi. Ki sa cigiya a zauren WhatsApp na ajinku, ki kuma tambayi masu shaguna da ke bakin ƙofar jami'a, sun san wanda ke haɗa kaya.

Hajiya mai gidan haya a Janbulo:
'Yata, ba mugunta ce ke sa mu ƙin gajeren zama ba. In kika tashi a tsakiyar zango, ɗakin zai zauna a rufe har sabbin ɗalibai su zo, ga fenti, ga gyaran famfo, duk a kaina. Wanda zai yarda da wata-wata sai ya ɗora wani abu a kan lissafin shekara, kuma yana da gaskiyarsa. Shawarar Ɗan Kabuga mai kyau ce, amma ina roƙonki kada ki ba ɗalibi ko sisi sai a gaban mai gidan. Na ga wadda ta biya a bayan ido, ta dawo daga lacca ta tarar an canza kwaɗo, kayanta a tsakar gida. A rubuta takarda: ranar shiga, ranar fita, nawa aka biya, wa zai karɓi kuɗin ajiya a ƙarshe, da shaidu biyu. In da hali mai unguwa ya sani. Sannan ki zo da maigidanki ko yayanki ranar magana. A Kano masu gida suna ɗari-ɗari da mace ita kaɗai, amma in suka ga matar aure da goyo da ƙanwa, zance yakan yi sauƙi.

Wani ɗalibin injiniya:
Ni dai da ni ne, in biya shekarar, in na tashi in sayar da ragowar wata takwas.

Hajiya mai gidan haya a Janbulo:
Ɗana, daga Gusau za ta riƙa neman mai saye? In wanda ta saka ya fasa abu, sunanta ne a takarda.

Maman 'yan biyu, Dorayi:
'Yar uwa, na yi karatu da goyo, na san wannan wahalar. Za a ce miki ki matsa nesa ɗaki ya fi araha. Ki zauna ki lissafa kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa tukuna, don tun cire tallafin mai a 2023 abin da kika rage a haya yana iya ƙarewa a hanya. Kuma mai shayarwa tana bukatar inda za ta leƙa tsakanin lacca da lacca. Ranar duba ɗaki ki murɗa famfon da hannunki. In ba burtsatse a gidan, ki tambayi maƙwabta nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka, wankin jariri ba ya jira. Ki ɗaga kai ki duba silin ko da tabon yoyo. Ki tambaya ko mita mai kati ce, in kuwa bil ake kawowa, a nuna miki na ƙarshe, kada ki gaji bashin wutar wani.

Malama daga Gusau:
Allah ya saka muku da alheri. Na sa cigiyar, har wata 'yar ajin ƙarshe a Danbare ta ce tana da sauran wata biyar. Baban yara zai shigo ranar Asabar mu je wurin mai gidan tare. Hajiya, kuɗin ajiyar da ita ta bayar tun farko, ni zan mayar mata ko mai gidan ne?

Hajiya mai gidan haya a Janbulo:
Mai gidan ya duba ɗakin ya sallame ta, ke kuma ki ajiye naki sabo a hannunsa, a rubuta a takardar.