Tanka ta iso daga Faransa, da me zan fara?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yayana ya aiko mini da kwalin ƙaramar tankar yaƙi ta roba, irin wadda ake haɗawa da hannu, daga Faransa, T-34/85 ta kamfanin Trumpeter, ma'aunin 1/16, wato an rage girman ta gaske sau 16. Da na buɗe sai da gabana ya faɗi. Guntaye ba iyaka, har da inji da kujerun ciki. Ban taɓa haɗa ko ƙarama ba. Na sayo sufa gulu da fentin mota na gwangwani a kasuwa, gobe nake so in fara.

Mai Gyaran Rediyo: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, don Allah aje gwangwanin nan! Tinar da ke cikin fentin mota tana cin irin wannan roba. Na taɓa fesa wa wani ƙaramin jirgi, wani mai shago ya rantse mini ba abin da zai yi, da safe na tarar da fikafikan sun yamutse kamar fatar ganda.

Baban Nana: Sufa gulu ma ba nata ba ne, sai wajen 'yan ƙarafan nan sirara. Roba da roba gam mai ruwa ake sa musu, irin Tamiya Extra Thin mai koren murfi. Haɗa guntayen za ka yi tukuna, ka ɗiga a bakin, shi zai bi tsagar da kansa ya narkar da su su zama ɗaya. Ka ce Yaya ya haɗo maka da shi. Kafin nan ka nemi reza sabuwa da samfefa mai laushi. Abin yanke ƙumba ma yana cire guntu daga jikin reshensa, amma kada ka murɗe da hannu.

Ɗan Bagalam: To Baba, in jira ke nan? Hannuna ƙaiƙayi yake.

Baban Nana: Ga aikin da zai kashe maka ƙaiƙayi: sarƙar da tankar ke tafiya a kai. Kowane gefe ƙwaya sama da 70, ɗaya mai ƙaho ɗaya marar ƙaho, a jere haka har ƙarshe. Ka goge su ɗaya bayan ɗaya, ka zuba a gwangwanin madara biyu. Ka gode Allah ba Tiger ta Jamus aka aiko maka ba, mai ƙafafu cuɗe cikin juna. Taka manyan ƙafafu biyar ne kawai kowane gefe.

Malama ta Zariya: Ni abin da ya dame ni wurin ajiya. Ta gaske da bakin bindigarta ta ɗan haura mita 8, ka raba gida 16, rabin mita ke nan a kan tebur. Kana da yara a gida? Tawa ta 1/35 ce, amma autana ya mai da bindigar abin sakace. Ka sa kafinta ya yi maka akwati mai gilashi tun yanzu.

Mai Gyaran Rediyo: Malama ta taɓo inda yake. Kuma ba yara kaɗai ba, ƙura. Da hunturu in ka shafa fenti ka bar shi a fili, kafin ka juya ya zama samfefa. Ni da asuba nake yi, in yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, in na gama in kife babbar roba a kai. Da bazara kuma wata masifar ce: fentin akirilik yana bushewa a bakin burushi tun bai taɓa jiki ba. Sai ka tsinka shi sosai, ka yi shafa uku sirara maimakon ɗaya mai kauri. Kuma kada ka kuskura ka shanya ta a rana ko ka bar ta cikin mota, zafin Maraɗi zai lanƙwasa bindigar.

Ɗan Bagalam: Dole sai da bindigar feshin fenti? Ba ni da kwamfaresa, ga ɗauke wuta.

Malama ta Zariya: Ba dole ba. Sa'arka launi ɗaya ne, koren sojan Rasha da suke kira 4BO. Burushi mai faɗi mai laushi ya isa. Amma ka fenta ciki kafin ka rufe, fari-fari ne, in ka manne saman shi ke nan. Lambobin da ake jiƙawa a ruwa kuma sai kan wuri mai sheƙi, in ba haka ba gefensu zai yi fari.

Tsohon Soja: Sannunku yara. Na yi shiru ina karatu. Abu ɗaya zan roƙa: kada ka cika mata tsatsa kamar wadda aka tono a bola. Motar da ke aiki ƙura take yi da baƙin mai, ba ruɓewa ba. Wannan injinta na gazuwal ne, silinda 12, saboda haka bayanta wajen bututun hayaƙi ya yi baƙi. Mutum biyar ke cikinta, inda suke takawa da inda suke kamawa nan fenti ke gogewa. Ka goga bakin fensir a gefen ƙofofi da haƙoran sarƙa, za ka ga ƙarfe ya fito.

Mai Gyaran Rediyo: Baba Soja, ni ƙasar gulbi nake tankaɗewa da rariya in shafa a ƙafafu.

Tsohon Soja: Wa ya ga ƙasar gulbin Maraɗi a hanyar Balin, babban birnin Jamus, a yaƙin 1945? Sai dai in ta Masar zai yi, su ma sun yi yaƙi da ita a Sina'i a 1956 da 1967, launin rairayi. Nan ƙasarmu za ta dace.

Ɗan Bagalam: Kai, ta Masar ɗin ta shiga raina. Amma ciki tukuna. Baba, ƙwayar sarƙa guda ta yi tsalle daga hannuna, na ɗage tabarma ban gan ta ba.

Baban Nana: Share ɗakin da tsintsiya ka duba sharar kafin a zubar. Daga yau cikin faranti za ka riƙa yanka.